Gyaran tsofaffin na'urorin awon lantarki: abin dubawa, abin canzawa, da inda ake samo kaya

"Assalamu alaikum Malam. Na samu tsofaffin na'urorin awo guda biyu, osiloskof (na'urar da ke zana siginar lantarki a allo) Tektronix 465 da mitar tebur HP 3478A. Wanda ya ba ni su ya ce sun daɗe a ajiye ba a kunna ba, ni ma ban jona su da wuta ba tukuna. Wasu sun ce kafin komai in cire duk kafasitocin da ke ciki in sa sababbi, har na ga ana sayar da su a ƙunshe a intanet. Shin haka ake yi? In ba haka ba, ta ina zan fara dubawa? Kuma kayan da aka daina ƙerawa, ina ake samunsu ba tare da mutum ya faɗa hannun masu jabu ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Madalla da ba ka jona su ba, domin da yawa daga cikin ɓarnar da ake samu a irin waɗannan na'urori a daƙiƙoƙin farko na kunnawa take faruwa. Tambayarka biyu ce: yadda za ka gane abin da ya lalace, da yadda za ka samo madadinsa. Ta biyun ba ta amsuwa sai an gama da ta farkon, don haka kada ka sayi komai yanzu, har da ƙunshin kafasitocin nan.

Na'urar awo ta bambanta da rediyo ko amfilifaya. Rediyo in ta yi magana an gama, ita kuwa mita sai abin da ta nuna ya zama gaskiya. Saboda haka nakan raba kayan cikinta gida uku. Akwai waɗanda shekaru ke kashewa kuma ana samun sababbinsu har yau, kamar kafasitocin ruwa, batir, fis da kafasitocin layin wutar gida. Akwai waɗanda daidaiton na'urar ya rataya a kansu, kamar rezistocin awo, tushen ma'aunin bolt da ƙananan sukurorin saiti, waɗanda ba a taɓa su sai da hujja. Sai kuma waɗanda kamfanin ya ƙera wa kansa, babu su a kasuwa, sai dai a kwanto daga wata na'urar irinta. Mai cewa a canza komai gaba ɗaya bai raba ukun nan ba.

Littafin gyara da lambar jikin na'ura

Kafin ka kwance sukuru ko ɗaya, nemi littafin gyara na kowacce. Tektronix da Hewlett-Packard (HP) na wancan zamanin sun rubuta littattafai masu kyau ƙwarai: zanen da'ira, bayanin yadda kowane sashe yake aiki, ƙarfin wutar da ya kamata a samu a kowane wurin gwaji, da jerin kaya gaba ɗaya da lambobinsu. Ana samun kwafinsu a intanet. Amma ka tabbata littafin ya dace da lambar siriyal da ke jikin taka. Tektronix 465, mai 100 MHz, ta fito a 1972, kuma an yi mata canje-canje a hanya, har aka ware littafi daban ga waɗanda lambarsu ta fara daga B250000. Harafin B ɗin yana nufin Beaverton, garin da masana'antar take a Amurka. A wajen HP, lambobi huɗu na farko su ne mabuɗi: ka ƙara 1960 a kan biyun farko ka samu shekara, biyu na gaba mako ne, harafin da ke biye kuma ƙasar da aka ƙera ta. Lambar da ta fara da 2301A tana nufin tsarin makon farko na 1983, ƙirar Amurka. Wannan kwanan watan na canjin tsari ne na ƙarshe, ba lallai ranar da aka haɗa taka ba. A littattafan HP akwai shafukan canje-canje da ke bin waɗannan lambobi. In ka tsallake su za ka yi ta neman rezisto a fanel ɗin da ba shi da shi.

Duba da ido da hanci, wuta a cire

Fara da bayan na'urar. Duba makunnin zaɓen wuta ko yana kan 115 ko 230, ya dace da wutar da kake da ita, sannan ka ciro fis ka karanta ƙimarsa. Fis da ya fi ƙima, ko wanda aka naɗe da waya, alama ce ta wani ya riga ka shiga kuma ya bar matsala a ciki. Buɗe murfi, ɗauki hoton kowane ɓangare da kowace wayar da ke da soket kafin ka zare ta.

Abin farko da za ka nema shi ne kafasitocin da ke kan layin wutar gida. Akwai wasu masu kusurwa huɗu, jikinsu kamar gilashi mai ruwan zuma, ƙirar RIFA, da takarda a ciki. Jikin nan yana tsattsagewa da shekaru, danshi ya shiga, ranar da aka ba su wuta su fashe da hayaƙi mai wari. HP 3478A tana cikin na'urorin da ake samunsu. Waɗannan ba a auna su, cirewa ake yi ko sun yi kyau a ido. Wanda ke tsakanin wayoyin wuta biyu a mayar da shi da ajin X2, wanda ke tsakanin waya da jikin na'ura kuma ajin Y2. Kada a sa X a wurin Y, domin Y an ƙera shi ne ta yadda ba zai kai wuta jikin ƙarfen da hannunka ke taɓawa ba.

Daga nan sai ka bi fanel da fitila da gilashin ƙara girma. Nemi rezisto da ya yi baƙi ko ya tsage, fanel da ya canza launi saboda zafi, kafasita da ta kumbura ko ta bar ɓawon gishiri a gindinta, dalma da ta yi zobe a kewayen ƙafar babban abu, da kore-koren tsatsa a kusa da batir. Wurin da dalmar ta fi sauran sheƙi ko ta yi tuli, nan ne aka taɓa gyarawa. Ka gwada abin da aka sa da jerin littafi. Soson da ya ruɓe ya zama gari a share shi duka, yana cin ƙafafun kaya.

Kafin ka ci gaba da mitar HP, tsaya a kan batirinta. Lambobin saitin 3478A suna zaune ne a wata ƙaramar ma'ajiya da batirin litiyam mai bolt 3 yake riƙe da ita. In wutar nan ta yanke ko na ƙiftawar ido, saitin ya tafi, mitar za ta tashi ta rubuta UNCALIBRATED, kuma maido shi yana bukatar ma'aunai masu inganci da yawancin masu gyara ba su da su. Don haka kada ka ɗora fanel ɗin a kan ƙarfe, kada ka bari bakin sukuddireba ya haɗa ƙafafun batirin. Auna shi kawai. Batirin litiyam yana riƙe da kusan bolt 3 har dab da mutuwarsa sannan ya faɗi da sauri, saboda haka ganin 3 ba ya nufin saura shekaru. Hanyar canza shi ita ce a fara liƙa wani batirin wucin gadi ta cikin dayod zuwa layin da ke ciyar da ma'ajiyar, a auna a tabbatar ya kama, sannan a cire tsohon. In kana da hanyar haɗa mitar da kwamfuta ta mashigar GPIB da ke bayanta, karanto lambobin saitin ka ajiye tukuna. Wannan ya fi komai kwanciyar hankali. Makunnin saiti da ke gaban mitar kuma ka bar shi a kashe.

A osiloskof ɗin, kafin wuta, sa mitarka a awon om ka auna tsakanin kowane layin wuta da jikin na'ura. Layukan 465 su ne +110, +55, +15, +5 da −8. Layin da ya nuna om ɗaya ko biyu kuma bai hau ba, akwai shot a kansa, wato layin ya haɗe kai tsaye da jikin na'ura, kuma mafi yawan lokuta kafasitar tantalam ce, 'yan ƙananan nan masu siffar ɗigon ruwa da launi mai haske. Su in za su mutu haɗewa suke yi. Da yake suna da yawa a kan layi ɗaya, ga yadda ake kama mai laifin: ka ba layin bolt 1 daga tushen wutar tebur, ka iyakance shi a kan miliamf 500, ka shafa barasar isofrofil a kan waɗanda kake zargi. Wadda tata ta fara bushewa ita ce ke ɗumi.

Kunnawa ta farko

Ka jera kwan fitila mai zare, irin na da, a kan wayar wuta ɗaya tsakanin soket da na'urar. Ga 465, wadda ke shan kusan wat 75, kwan wat 100 ya yi; ga mitar, wat 40 ya isa. In lafiya, kwan zai yi haske na ɗan lokaci sa'ad da manyan kafasitoci ke cika, sannan ya dushe. In ya tsaya da cikakken haske, kashe nan take, akwai shot, kuma kwan ya ɗauke wutar da da taransifoma ce za ta sha. Kwan LED ba ya wannan aikin. Na'urorinka biyu masu taransifoma ne na gargajiya, shi ya sa dabarar ta dace da su. Na'urar da ke da tushen wuta mai sauyawa da sauri, kamar Tektronix 2465, ba a hawa da wutarta a hankali, domin ƙarancin wuta yana sa ta ja fiye da kima ta ƙona tiransistocinta.

Da ta tashi, cire kwan ka auna layukan. A 465 fara da +55, domin sauran layukan da shi suke kwatanta kansu. In ya karkace duk za su karkace, kuma za ka ɗauka matsala biyar ce alhali ɗaya ce. Kada ka murɗa sukurun saitinsa don kawai ya yi ɗan nesa da 55 in yana cikin iyakar littafi, domin murɗa shi yana taɓa saitin na'urar baki ɗaya. Bayan DC, auna ragowar AC da ke hawa kan kowane layi, wadda masu gyara ke kira rifil. Littafi ya ba da iyakarta, 'yan milibolt ne. Rifil mai yawa a kan ninki biyu na yawan bugun wutar gida a daƙiƙa, wato 100 ko 120 Hz, babbar kafasitar tacewa ce ta bushe. In kuwa 50 ko 60 Hz ne, duba gadar dayod, ɗaya daga ciki ya yanke.

Gargaɗi a nan ba na al'ada ba ne. Kwalbar allon 465 tana aiki da kusan kilobolt 18.5, kuma a gindinta akwai −2450. Mita ta yau da kullum ba ta kai nan ba, sai da sandar awon babbar wuta. Cajin yana zama bayan an kashe, don haka a sauke shi zuwa jikin na'ura kafin hannu ya kusanci wurin. In layukan ƙaramar wuta duk lafiya amma allo duhu, kafin ka zargi kwalbar duba ƙaramin fis da ke ciyar da sashen babbar wuta da kafasitar tantalam da ke kusa da shi. Haɗewarta tana kashe fis ɗin.

Batun canza kafasitoci duka

Dalilin da ya sa ban yarda da shi a matsayin matakin farko ba shi ne, in ka canza abu hamsin a na'urar da ba ka taɓa ganin tana aiki ba, sannan ta ƙi tashi, ba ka san ko tsohuwar cuta ce ko sabuwar da ka jawo ba. Kowace cirewa kuma tana iya ɗaga layin tagulla ko ta zare bututun ramin fanel. Gyara ta ta tashi tukuna, sannan ka canza kaɗan-kaɗan kana gwadawa tsakani.

Kafasitar ruwa ana yi mata awo uku: ƙima, ESR (juriyar da ke cikin kafasitar kanta) da yoyo. Ƙima kaɗai tana yaudara. Tsofaffin an ƙera su da sassauci mai faɗi, sau da yawa daga −10 zuwa +50 cikin ɗari ko fiye, kuma mai yoyo takan nuna ƙima sama da abin da aka rubuta a jikinta, mutum ya ɗauka ƙarfi gare ta. ESR, wanda ake aunawa a 100 kHz, shi ke nuna bushewa, amma wadda ta haɗe ita ma ƙaramin ESR za ta nuna, don haka a bi da awon om. Yoyo kuwa sai an ɗaga ƙafa ɗaya an ba ta wutar da aka rubuta mata ta cikin rezisto, a auna abin da take sha bayan 'yan mintuna. Ƙa'idar da takardun kamfanoni suka saba bayarwa ga ƙananan kafasitoci ita ce 0.01 sau ƙima a µF sau bolt, amsar a µA: mai 1000 µF da bolt 50 kada ta wuce µA 500. Wadda ta daɗe a ajiye takan fara da yoyo mai yawa sannan ya sauka, domin siririn ɓawon da ke kan alminiyam ɗinta yana sake ginuwa. Ka hau da wutar mataki-mataki, kana riƙe da kwararar a kan 'yan miliamf. In ya sauka ya zauna, ta farfaɗo. In ya ƙi sauka ko ta ɗau ɗumi, a jefar.

In manyan gwangwanayen 465 suka kai ga canji, akwai tarko guda. Kunnuwan da ke riƙe gwangwanin a fanel su ne kuma ke haɗa wasu layukan tagulla da juna. Sabuwar kafasita ƙafa biyu gare ta, don haka in ba ka sa 'yan wayoyi sun haɗa ramukan da gwangwanin ke haɗawa ba, wani sashe zai rasa hanyar komawar wutarsa. Kafin cirewa ka auna ka rubuta waɗanne ramuka ne a haɗe. Fanel ɗin yana shan zafi sosai a wurin, sai da ƙarfen dalma mai ƙarfi da abin zuƙe dalma. Ƙaramin ƙarfe yana sa mutum ya daɗe ya kuma ja da ƙarfi, nan ramin ke lalacewa.

Tantalam da ke kan layukan wuta ina goyon bayan canza su, kuma a hau da ƙimar bolt: layin 15 a ba shi mai 35. Amma kafasitocin da ke ƙayyade lokacin sharar allo a osiloskof, da kafasitar da mita ke tara caji a cikinta wajen juya awo zuwa lamba, an zaɓe su ne saboda irin abin da aka yi su da shi. Ba sa tsufa irin na masu ruwa, kuma madadi na gama-gari yana ɓata miƙewar awo ko da ƙimarsa daidai ce. Haka na mika da na yumɓu, a bar su sai an kama su da laifi.

Rezistocin gawayi na da, masu ruwan ƙasa da zobban launi, ƙimarsu hawa take yi da shekaru da danshi, musamman masu manyan ƙima da ke sashen babbar wuta. A cikin da'ira rezisto zai iya nuna ƙasa da ƙimarsa saboda abokan da ke gefensa, amma in ya nuna sama da iyaka to ya tafi. Wajen madadi ka duba bolt da zai iya ɗauka, ba wat kaɗai ba: ƙaramin rezisto na kwata wat yawanci bolt 250 ne iyakarsa. Rezistocin awo na mitar da tushen ma'auninta kuwa tsufa amfani ya yi musu, sun gama zamewar da sababbi ke yi a shekarun farko. Ko yatsa kada ka sa a sashen shigar awo na 3478A. A ƙananan zangon DC juriyarsa ta haura gigaom 10, maiƙon hannu kaɗai ya isa ya buɗe wa wuta hanya.

Kafin ka yanke wa kowane abu hukunci a 465, tuna cewa yawancin tiransistocinta a soket suke, kuma makunnanta na murɗawa 'yan yatsun ƙarfe ne masu ruwan zinari. Layin da ke tsalle ko tashar da ke ɗaukewa sau da yawa datti ne. Yanka siririyar takarda mai tsabta, jiƙa ta da isofrofil, sa ta ƙarƙashin yatsan, rufe makunnin, ja ta a hankali. Kada sanfefa ta kusance su, kada kuma a fesa mai.

Inda ake samo kaya

Lambar da ke jikin abu sau da yawa ta kamfanin na'urar ce. A Tektronix, 151 tiransisto ne, 152 dayod, 156 IC (da'ira guda a dunƙule cikin ƙwaya ɗaya) na kasuwa, 155 IC da suka ƙera da kansu, 290 kafasitar ruwa ko tantalam. A HP, 1853 tiransisto PNP, 1854 NPN, 1820 IC na lissafi, 1826 IC na analog. Da yawansu kayan yau da kullum ne aka sauya wa suna: 151-0190-00 na Tektronix da 1854-0215 na HP duk 2N3904 ne, 151-0188-00 da 1853-0036 kuma 2N3906. Jerin kaya na littafi yana da gurbin lambar ainihin mai ƙira, kuma akwai jadawalin musayar lambobi da kamfanonin biyu suka fitar. Amma inda littafi ya ce an zaɓo abin ko an haɗa shi biyu-biyu, dole madadin ma ka auna ka zaɓa, misali tagwayen tiransisto da ke bakin amfilifaya.

Duk abin da har yanzu ake ƙerawa, saye shi sabo daga dillalin da kamfani ya amince da shi, irin su Mouser, Digi-Key, Farnell ko RS. Kafasitar ruwa musamman ba a sayen tsohuwar ajiya, domin tana tsufa ko ba a taɓa amfani da ita ba. Zaɓi mai 105°C daga kamfani sananne kamar Nichicon, Panasonic ko Rubycon, ka auna tazarar ƙafafu da tsayi kafin ka yi oda. Matsalar ƙunshin da ake sayarwa ita ce ba ka san daga ina kayan suka fito ba, kuma ba lallai ya dace da lambar siriyal ɗinka ba.

Sabo ba kullum yake zama daidai da tsoho ba ko da lamba ɗaya ce. Tsohon 2N3055 mai nauyin tafiya ne, na yanzu ya fi shi sauri ninki da dama, kuma a wasu tsofaffin tushen wuta saurin nan yana sa da'ira ta shiga kaɗawa da kanta. Kafasita mai ƙaramin ESR ƙwarai a bakin tsohon mai daidaita wuta ita ma takan jawo haka. IC na dangin 74S ba a mayar da shi da 74LS ko 74HC kai tsaye a inda lokaci ke da muhimmanci. Saboda haka bayan kowane musanye a tushen wuta, duba layin da osiloskof, mita kaɗai ba za ta nuna kaɗawar ba.

Kayan da aka daina ƙerawa nan ne jabu ya yi katutu. In ka ga mai sayarwa yana da ɗaruruwan abin da aka daina yi shekaru talatin da suka wuce, duk sababbi fil da lambar kwanan wata iri ɗaya, a kan farashi mai sauƙi, ka tuna araha ba ta ado. Lambar kwanan wata yawanci huɗu ce, shekara da mako: 7823 mako na 23 ne na 1978. Gwada ta da tarihin kamfanin. Motorola ta ware sashenta na tiransistoci ya zama ON Semiconductor a 1999, don haka 2N3055 mai tambarin Motorola da kwanan 2015 ba gaskiya ba ne. Goga saman IC da auduga mai asiton; in baƙin fenti ya fita aka ga alamar gogewa a ƙasa, an kankare tsohon rubutu an buga sabo. Duba ƙafafu: waɗanda aka miƙe aka sake tsoma su a dalma suna da kauri marar daidaito. Ga tiransisto mai ƙarfi, saya da ragi ka fasa ɗaya. Na jabu ƙwayar silikon da ke ciki 'yar mitsitsiya ce, tana cin gwajin ƙaramar mita amma ta mutu da ta ɗau kaya. Sai dai kada ka fasa ko ka goge tiransiston RF (na siginar rediyo) ko wani abu mai farin yumɓu a gindi, wasunsu berilliyam oksaid ne, ƙurarsa guba ce ga huhu. Ma'ajiyar Dallas mai batir a ciki, irin DS1225 da ke cikin Tektronix 2465B, ita ma ana yawan sabunta rubutun tsofaffinta a sayar, alhali shekara 10 kamfanin ya lamunce wa batirin.

Gida na uku sai kwance. IC masu lambar 155, taransifomar babbar wuta, kwalbar allo, makunnan murɗawa, maɓallan gaba da abin rage sigina na bakin tasha, babu mai ƙera su. Mafita ita ce sayen wata 465 matacciya a matsayin uwar kaya, kuma sau da yawa kuɗinta bai kai na sayen abu biyu ko uku ɗai-ɗai ba. Zaɓi wadda ta mutu da wata cuta daban da ta taka: in allonka ne ya lalace, nemi wadda tushen wutarta ya ƙone. Tambayi lambar siriyal, ka nemi hoton ciki, domin akan sayar da wadda aka riga aka kwashe mata abubuwa masu daraja. In abu ɗaya za ka saya, wanda aka ce an cire shi daga na'ura mai aiki, da tsohuwar dalma a ƙafafunsa da kwanan wata na shekarun 1970, ya fi mini wanda ke sheƙi ba a san asalinsa ba.

Dayod ɗin tanel da ke sashen kama sigina na tsofaffin Tektronix yana bukatar kulawa ta daban. Ana bambanta su da kwararar ƙololuwarsu, misali miliamf 4.7 ko 10. A mita suna nuna kamar sun haɗe ta kowane ɓangare ko da lafiyarsu ƙalau, shi ya sa ake jefar da masu kyau da yawa, kuma mita mai tura wuta da yawa ko zafin ƙarfen dalma na iya kashe su. Ana gwada su ne da na'urar zana lanƙwasar tiransisto, a ga tudun nan da kwarin da ke bayansa. Akwai ragowar ƙirar Tarayyar Sobiyet a kasuwa, amma wasunsu jamaniyam ne wasu galiyam arsenaid, kuma bolt ɗinsu ya bambanta, don haka sai an dace da nau'i da ƙima, a kuma sake saitin sashen.

Abin da na faɗa duka tsarin bincike ne. Wane abu ne ya mutu a cikin naka, awon da za ka yi ne kaɗai zai nuna. Kuma gyara daban, saiti daban. Osiloskof ɗin za ka iya duba shi gwargwado da siginar gwaji da ke gabansa da wata sigina mai sanannen yawan bugu da ka amince da ita, domin daidaitonsa na kusan kashi 3 cikin ɗari ne. Mitar mai lamba biyar da rabi kuwa ba a saita ta da abin da bai fi ta daidaito ba. In saitinta yana nan, kiyaye shi ka kwatanta ta da wata mitar kirki a kan 'yan wurare. In ya riga ya goge, gama gyaran duka tukuna, ka bar ta a kunne na wasu kwanaki ka ga ta zauna, sannan ka kai ta ɗakin saiti mai ma'aunai da takardar shaida.